Sandan Awo

Babana Kavigak yana da sanda
na ƙashin haƙarƙarin babban kifi.
Duk shekara, in rana ta dawo daga doguwar ɓuya,
sai ya huda ƙanƙarar da ta rufe teku,
ya zura sandan har ya sha ruwa,
ya yi tsaga da wuƙa inda kauri ya tsaya.
Tsagar shekarar haihuwata tana gab da mariƙi.
Ta bana kuwa, daga ita zuwa tsini,
tafin hannuna ya rufe, har da saura.

Ba mai yawan magana ba ne.
Ya dubi sanda, ya dubi karnuka,
biyar suka rage cikin goma sha huɗu,
ya ce, "Navarana, rubuta."
Na rubuta. Tawada ko daskarewa ba ta yi ba,
abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Karen ruwa kan haihu a kogon dusar ƙanƙara,
rufi a sama, ƙofa ta ƙasa zuwa teku.
Bana ruwan sama ya sauka a watan da bai san shi ba,
rufin ya rufta.
Mun tarar da jinjiri fari fat a fili,
jiƙe sharkaf, hankaka biyu suna jiran sa.
Babana, da mashinsa ya ciyar da mu shekara arba'in,
ya tsuguna yana yanko dusa da wuƙa,
yana yi wa abincinsa ɗaki.
Na kau da kai don kada ya ji kunya.

Inda hanyar karnukanmu take a da
yanzu jirage ke wucewa, kowanne ya fi ƙauyenmu tsawo.
Kifi mai haure ɗaya da kunne yake gani,
ƙarar inji ta makantar da shi,
uwa na kira, ɗa na juyawa wani gefen.
Farin beyar ya zama mai tonon juji
a bayan makaranta, haƙarƙari a waje.
Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ranar taro aka kawo taswira mai sheƙi:
tashar jirage a bakin gaɓarmu, aiki ga samari.
Ɗan kawuna Masauna ya miƙe,
ya ce 'ya'yansa uku ba za su ci tausayi su ƙoshi ba,
ya ce ba mu muka hura wutar da ke narkar da mu ba.
Gaskiya ya faɗa. Ɗakin ya yi tsit.

Babana bai yi jawabi ba.
Ya ɗora sandan a kan taswira,
ya bi tsagogin da farce, ɗaya bayan ɗaya,
daga mariƙi zuwa ƙasa,
sautin kamar taunar ɓera cikin dare.
Ya ce a rufe gaɓar daga dawowar rana
har jinjiraye su iya iyo,
a rufe wa jirgi,
a rufe wa mashi, nasa ne na farko.

Hannu talatin da ɗaya suka tashi,
ashirin da shida suka zauna bisa gwiwa.
Masauna bai gaishe mu ba har wata biyu,
sai ran nan muka tarar da kifi rataye a ƙofa.

Na tambayi babana ko ƙanƙarar za ta dawo.
Ya ce wannan sai a tambayi masu hayaƙi can kudu,
shi gaɓa ɗaya ce iyakar tsawon hannunsa.
Sannan ya miƙo mini sandan,
da wuƙar, ba tare da ya dube ni ba.

Jiya na kwanta rub da ciki kusa da ramin numfashi,
kunne a kan sanyi, har kumatu ya mutu.
Shiru.
Shiru.
Can sai na ji wani ya busa daga ƙasa,
gajere, mai ƙarni,
tururinsa ya jiƙa mini gira.